Wai Tambaya Za Mu Ci?

Na san abin da za ku ce tun kafin in buɗe baki, don haka bari in faɗa muku da kaina in hutar da ku. Mudun gero ya fi ƙarfin talaka, kuɗin mota ya kashe zumunci, mai gida yana sulalewa da asuba ba don sammako ba sai don kada a tare shi da maganar cefane, sannan wani ya zo yana cewa wai son sani yana kawo karsashi, wai tambaya tana haifar da fata. Malam na teburin mai shayi ya riga ya taɓe baki: "Zancen ƙosassu ke nan. Tambayar za mu dafa wa yara?" Alhaji na kasuwa bai ma ɗago kai daga lissafinsa ba. Hajiya kuwa ta ce in dai tambaya ce tana da ita buhu-buhu, kullum sai ta yi wa mai gida, kuma har yau ba ta ga fatan da ta haifar ba.

Allah ya huci zuciyarku. Ba zan ce ku yi murmushi ba, ba kuma zan ce ku ƙara haƙuri ba, masu faɗin haka sun yi yawa kuma galibinsu da ƙoshinsu suke faɗa. Maraɗi kawai zan kai ku. Katsinawa ba sai na yi muku kwatance ba, daga Jibiya ƙetarawa ne.

A farkon shekarun 1980 ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal. Farin da ya yi tsanani a 1973 ya kashe dabbobi ya kashe itatuwa, abin da ya rage kuma gatari ya bi ta kansa. Tun zamanin Faransa ake koya wa manomi cewa gona ta gari ita ce wadda aka share tas, musamman don noman gyaɗa da garmar shanu. Ga kuma doka: itace na gwamnati ne, ko da a tsakiyar gonar gadonka ya tsiro. Ka sare reshe, ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. To wane mai hankali ne zai reni abin da zai jawo masa sammaci? Da ka ga tsiro sai ka tumɓuke shi tun bai zama shari'a ba. Sakamakon haka iska ta sami filin sukuwa. A yi shuka, ta kwaso rairayi ta binne tsiron ko ta yanke shi, a sake shuka, ta sake. Mata suna yini a neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wato takin da gonar take jira.

Maganin da hukuma da ƙungiyoyin agaji suka kawo kun san shi, don har yau ana yi muku shi duk damina. A reni dogon yaro da turare a cikin leda, a zo da manyan baƙi, a dasa, a zuba ruwa da buta mai kyau, a ɗauki hoto. Bayan an watse akuya ta zo ta yi nata bikin, gara ta karɓa, rani ya ƙarasa. Mafi yawan abin da aka dasa bai kai shekara ba.

Cikin masu wannan wahala akwai wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, masanin noma da ya zo aiki da mishan ɗin SIM. Ya yi ta dashe yana asara har ya kusa tattara kayansa. Wata rana a 1983, yana jan tirela cike da dashe zuwa ƙauye, sai ya tsaya ya rage iskar taya don motar ta iya ratsa yashi. Yana nan tsaye idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin 'yan kurarrajin ganyen nan da suka cika gonaki, waɗanda ya saba wucewa ba ya ko kallo. Ya taka ya je ya duba ganyen da kyau. Ashe ba ciyawa ba ce, ba kuma wani ɗan ƙaramin tsiro ba ne da haka Allah ya yi shi. Itace ne da aka sare, kututturen yana nan da ransa, yana tofo.

Na ji ihunku. "Sabara ce fa! Yanzu Bature ne zai zo ya gano mana sabara? Da ita kakata ta yi wankan jego!" Gaskiyarki, Hajiya. Babu manomin da bai san sabara da kalgo da taramniya da geza ba. Ya san sunansu, ya san maganin da suke yi, ya san wadda ta fi ci a murhu. Kuma da wannan sanin nasa, duk shekara in lokacin sassabe ya yi, yakan bi su da adda ya tara ya cinna wuta. Sani akwai shi har ya yi yawa. Abin da ya ɓace shi ne mutum ya tsaya ya ce: shin in ban sare shi duka ba, me zai faru?

Ga abin da ke faruwa. Kututturen nan yana da saiwa ta babban itace, wadda ta yi shekaru tana nutsawa har ta kai ga danshin ƙasa, ta kuma tara abinci a jikinta. Duk shekara takan turo tsiro ashirin ko talatin. Yara talatin ne a kwano ɗaya, babu mai ƙoshi balle ya yi tsawo. Sai manomi ya tsuguna ya zaɓi waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran. Waɗanda ya bari ya aske musu rassan ƙasa zuwa kusan rabin tsayinsu, da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wani yakan ɗaura ƙyalle a jiki, alamar cewa wannan da mai shi. Shi ke nan aikin. Ba leda, ba ban ruwa, ba kuɗin mota. Dashen leda yana fama ya kafa saiwa tun daga farko, shi kuwa wannan ya gaji tasa, don haka cikin 'yan shekaru sai ka ga ya wuce kan mutum. Mutanen Maraɗi suka ce masa sassaben zamani.

Kada ku ɗauka an yi ta guɗa. Manoma kaɗan ne, ba su fi a ƙirga su da yatsu ba sai da ɗan ƙari, suka yarda su gwada a wani lungu na gonarsu, kuma sun sha dariya. An ce musu mahaukata, an ce ragwaye ne da suka kasa share gona. Aka ce inuwa za ta kashe gero, tsuntsaye za su sami masauki su cinye zangarniya. Wasu ma da dare aka bi aka sare musu abin da suka rena. Malam, da kana can a lokacin na san layin da za ka zauna, kuma da shayinka a hannu.

Sai ga 1984, damina ta ƙi, yunwar da mutanen Nijar suka raɗa wa suna El-Buhari ta sauka, don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da Buhari ya yi. Aka fara rabon hatsi a bakin aiki, Rinaudo da abokan aikinsa suka sa renon kututture cikin sharaɗi. A ƙauyuka wajen 95 aka reni itatuwa kimanin 500,000. Da aka sami damina aka daina rabo, sai mutane suka koma wa gatarinsu, fiye da kashi biyu cikin uku na itatuwan suka faɗi.

Dubi yadda fuskar Malam ta washe. "Ka gani ko? Ashe ciki ne, ba son sani ba!" Na ba ka wannan, Malam, ka riƙe. Ciki ne ya kawo su, kuma wanda ya ce ba haka ba ne bai taɓa kwana da yunwa ba. Amma ni kashin nan ɗaya da ya tsira nake bi. Hatsin agaji ya ƙare musu kamar yadda ya ƙare wa kowa, me ya hana su sara? Sun ga wani abu ne da ya tsaya musu a rai. Geron da ke kusa da itacen bai mutu ba kamar yadda aka yi musu alkawari. Iska ba ta binne shukar wajen ba. Ganye ya zuba ya ruɓe, dabbobi sun kwanta a inuwa sun bar taki, rassan da aka aske sun shiga murhu ba tare da uwargida ta yi tafiyar yini ba. Suka ce bari mu ga baɗi. Da baɗi ta zo aka sami dirkar rumfa da ƙotar fartanya, har da na kai wa kasuwa. Maƙwabcin da ya yi dariya ya fara zagayowa ta bakin iyakar gona, wai yana neman akuyarsa.

Wannan "bari mu ga baɗi" ita ce duk maganata. Wahala in ta daɗe, babban abin da take ƙwace wa mutum ba abin aljihu ba ne kawai, takan sa ya yarda cewa ya riga ya san gobe: irin yau ce, ko ta fi muni. Wanda ya san gobe kuwa me zai tashe shi da wuri? Mutumin da ya bar tsiro biyar a kan kututture bai zama mai arziki ba, bai ma tabbata abin zai yi ba. Amma yana da abin da zai je ya dubo. Ba fata ne ya kai shi gona ba, a lokacin ba shi da shi. Tambaya ce ta kai shi, fatan daga baya ya biyo, bayan ido ya gani. Shi ya sa nake ganin masu yi wa mayunwaci wa'azin ya sa rai sun fara daga wutsiya. Kuma irin wannan fata ya fi wanda ake rabawa a filin kamfe ƙarko, don kana iya zuwa ka auna shi da taƙi. Malam zai ce komai na Allah ne. Ƙwarai kuwa. Saiwar ma shi ya ajiye ta a can ƙasa, shekara da shekaru, muna tafiya a kanta muna kukan babu.

Sai dai akwai wani abu da masu ba da labarin nan don daɗin baki sukan tsallake. Abin bai bazu sosai ba sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne. Jami'an gandun daji na yankin suka sassauta, bayan rasuwar shugaban Nijar Seyni Kountché a 1987 hannun hukuma ya yi sanyi a karkara, daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙara ba manomi ƙarfi kan abin da ya rena. A ƙauyuka irin Ɗan Saga, a yankin Agye, mutane suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa da kansu, da mata a ciki da makiyaya. Ba wanda zai ɓata lokacinsa yana yin tambayar da in amsarta ta fito wani ne zai zo ya ɗauke. In kun ga gari ya mutu da rashin karsashi, kafin ku zagi mutanensa da lalaci ku bincika wa ke cin amfanin ƙoƙarinsu.

Abin dariyar shi ne, manyan masana ba su san ana yi ba. Kusan shekara ashirin ana ta taruka a kan hamada tana cinye Sahel, manoma kuwa suna can suna aske rassa. Sai wajen 2004 zuwa gaba, da Chris Reij ɗan Holan da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Mahamane Larwanou ɗan Nijar suka gwama hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na sabon ƙarni, suka kuma taka ƙasa suka ƙirga, sannan aka gane girman abin. Ƙiyasinsu ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara.

Kuma don hankalin Hajiya ya kwanta: ba duka aikin Bature ba ne. A ƙasar Damagaram, wajen Magarya da Matamai da Mirya, manoma sun cika gonakinsu da gawo ba tare da wani ya zo da mota ya koya musu ba. Sun farfaɗo da abin da iyayensu suka sani ne, a ƙasar da sarakunanta na da suke hukunta mai sare gawo hukunci mai tsanani. Shi gawo ai kansa abin tambaya ne. Duk itatuwa suna ganye da damina, shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara, ya bar wa gero rana. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbar da ta ci 'ya'yan kuma ta kai irin wata gona ta ajiye da takinsa. Ku da kuke wucewa ta gindinsa a kan babur, wa ya taɓa tsayawa ya tambayi dalilin wannan bauɗaɗɗen hali?

Ga ɗan boko can ya gyara tabarau. "Yallaɓai, ruwan sama ne ya dawo bayan shekarun fari, ba wata dabara ba. Kuma in abin gaskiya ne, me ya sa aka yi yunwa a Maraɗi a 2005?" Madalla, ɗan'uwa, ka ga kai ma ka fara tambaya, sannu da shigowa. Ruwa ya ƙaru, ba musu, kuma alƙaluman nan ƙiyasi ne, masana suna ja-in-ja a kansu. Amma hadari ba ya tsayawa a shingen kwastan, kuma masu nazarin hotunan sun nuna wuraren da gonakin ɓangaren Nijar suka fi na ɓangaren Najeriya itatuwa nesa ba kusa ba, alhali ruwansu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, yarensu ɗaya. Kanawa ku zauna, ban ce ku ba, na san gonakin kewayen birni cike suke da ɗorawa da tsamiya da kuka tun kaka da kakanni. Batun 2005 kuwa, an yi yunwa, yara sun mutu, fara da fari da tsadar hatsi suka haɗu. Itace ba ya hana fara sauka, ba ya karya farashi a kasuwa. Abin da ya yi shi ne, gidan da ke da itatuwa ya sami itacen sayarwa da ganye da abincin dabbobi ya sayi tiya, wanda ba shi da su kuwa sai ya sayar da akuya ko ya tafi cin rani. Haka nan ba zan ce wa manomin Zamfara ko na Madarumfa da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ya je ya yi nazarin kalgo ba. Akwai masifar da ba tambayar talaka ce maganinta ba, aikin hukuma ne, kuma a ci gaba da binta bashi.

Amma sauranmu fa? Kada wanda ya ce mini ba mu da son sani. Muna da shi fiye da kowa. Wa ya san inda maƙwabci ya samo kuɗin sabuwar mota? Mu. Wa ya san dalilin mutuwar auren da aka ɗaura watan jiya, da akwati nawa aka mayar? Hajiya, kada ki sunkuyar da kai. Awa nawa ake yi a waya ana bin diddigin rigimar mutanen da ba su san da zamanmu ba? Injin yana nan da ƙarfinsa, man ma a cike, sai dai an juya shi yana kallon katangar maƙwabta. Da za a karkato da rubu'insa kan abin da ke cin mu, me ya sa rijiyar unguwa take ƙafewa a wata kaza, me ya sa wake yake ƙwari a buhun wane ba ya yi a na wane, me ya sa murhun gidan can yake cin rabin gawayin namu, da majalisa ta sami hirar da ta fi ƙirga farashi daɗi.

Alhaji har yanzu bai ce uffan ba, don shi ba a taɓa shi sai da riba. To matso, Alhaji, naka ya zo. A Yatenga ta Burkina Faso akwai wani manomi, Yacouba Sawadogo, na ƙauyen Gurga kusa da Wahiguya. Wajen 1980, lokacin da mutane suke gudu daga ƙauyuka, shi sai ya koma yana haƙa ramuka a fako, ƙasar nan mai tauri da ruwa ke zamewa a kanta. Ramin shuka tsohon abu ne a wurinsu, suna ce masa zai. Abin da ya ƙara shi ne ya faɗaɗa ramin, ya zurfafa shi, ya haƙa tun da rani, ya zuba taki a ciki. Takin ya kira gara, gara ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, ruwan farko ya sami wurin shiga ya zauna. Wato garar da kowa ke tsine wa ita ya ɗauka aiki ba lada. Shi ma an ce masa mahaukaci. Ya rasu a 2023 ya bar daji na hekta gommai a inda babu ko ciyawa, bayan shi da Rinaudo sun karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a shekara ɗaya, 2018.

A 1989 wasu manoma 13 daga Illela, ta jihar Tawa, Sakkwatawa kada ku yi saurin amsa gaisuwa, suka je Yatenga ganin gonaki. Suka ga ramukan nan, suka yi ta tambaya, da suka dawo gida suka gwada a 'yan kadada kaɗan. Su tassa suke ce masa. Shekarar 1990 ruwa ya yi ƙaranci, sai ga shi gonakin ramuka ne suka ba da abin kai wa rumbu. Cikin 'yan shekaru abin ya kai dubban hekta. Samari suka sami sana'ar haƙa tassa ana biyansu, maimakon tafiya cin rani. Fakon da a da ko kyauta aka ba mutum sai ya ce an raina shi, ya shiga kasuwa, ana saye ana sayarwa, farashinsa yana hawa. Waɗanda suka riga kowa tambaya su suka saye shi da araha.

Yanzu ka ɗago kai ko, Alhaji? Rufe littafin, ba filin sayarwa na zo da shi ba. Na Illela an riga ka tun kana saurayi.